Malamin Tarihi a Kasuwar Sitiyari

Wani rauninsa tsire, wani barcin bayan Asuba, wani kuma ba ya iya ganin sabuwar shadda ya wuce. Nawa ya fi waɗannan ban kunya: ba na iya buɗe baki in ce ban sani ba. Ko hanyar garin da ban taɓa takawa ba aka tambaye ni, sai na nuna wani gefe da hannu. Ko aikin koyarwa ne ya ɓata ni, ko da halina na shiga aikin, Allah masani. Na daɗe ina tsayawa gaban allo a Tsafe ina koyar da tarihi, yara suna rubuta duk abin da ya fito daga bakina, har kunnena ya manta yadda gyara yake. A cikin aji wannan hali ba ya cin kuɗin kowa. A harkar mota yana ci, kuma ba nawa kaɗai ba.

Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi wata tsohuwar akori-kura, Toyota Land Cruiser ƙirar 75, mai injin dizal 1HZ, silinda shida. Da kaka tana kwaso masara da dawa da waken suya daga Bilbis da ƙauyukan gefenta zuwa Tsafe da Gusau, wani lokaci har Funtuwa. Da damina kuma taki take shiga da shi. Yaya ne ke kula da direba da lodi. Ni, da yake ni ne ɗan boko, aka ba ni riƙon littafin kuɗi da sayen kayan gyara. Ba wanda ya tambaye ni ko na san kayan gyara, ni kuma kun ji halina.

Direba ya fara ƙorafi cewa sitiyari na wasa. Sai ya juya shi kusan faɗin tafin hannu kafin taya ta san ana magana da ita, ga jan mai na ɗiga ƙasa duk inda aka kwana. Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Funtuwa a shekarun nan ya san ba wajen da mutum zai so mota ta tsaya masa ba ne bayan La'asar, don haka ba a yi gardama ba, aka kai ta gareji a Gusau.

Bakanikenmu dattijo ne marar yawan magana. Ya sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, shi kuma ya shige ƙarƙashi yana bin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ya taɓa kawunan tayarod, ya girgiza taya don jin boris, ya gwada ƙusoshin da suka ɗaure akwatin sitiyari da shasi, ya duba ko shasin ya tsage a wurin. Ya ce sau da yawa a nan wasan yake, mutum ya je ya sayi akwati alhali lafiyarsa lau. Namu dai akwatin ne. Sai ya ɗora yatsa kan wani sukuru mai noti a saman akwatin, ya ɗago kai.

"Wa yat taɓa wanga?"

Direba ya dube ni. Ni kuma na dubi sama, na ce wataƙila wani bakanike ne a hanya. Gaskiyar ita ce watanni kafin nan ni na tsaya kan direba da sukundireba da sufana, na sa ya ɗaure sukurun tamau, don na ji an ce shi ke kashe wasa. Yana kashewa, amma da sharaɗi.

Ga yadda abin yake, yanzu da na biya kuɗin makarantarsa. Ƙananan motoci da Hilux na zamani, tun ƙirar 2005, rak suke amfani da shi, wato doguwar sanda mai haƙora da ke tura tayoyi kai tsaye. Manyan motocin wahala irin tamu akwati ne da su, wanda 'yan gareji ke ce wa bokis. A cikinsa akwai sanda mai zare, da wani ƙaton noti da ke hawa da sauka a kanta. Tsakanin zaren da notin an zuba 'ya'yan boris da ke gangarawa su fita ta wata 'yar hanya su sake dawowa, don kada ƙarfe ya goge ƙarfe. Notin yana da haƙora a gefe, su ke juya wata gajerar sanda mai kauri da ta fito waje, ita kuma ta kaɗa hannun ƙarfen da ke jan tayoyi. An fi son sa a motar lodi don yana jure dukan ramuka. Sukurun nan na sama aikinsa ya matso haƙoran kusa da juna. An ƙera su ne su fi matsewa a tsakiya, inda mota ke tafiya miƙe, kuma nan ɗin ne ya fi cinyewa da tsufa. In ka matse fiye da ƙima, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana, haƙoran kuma su riƙa cin juna. Abin da na yi wa namu ke nan, da fuskar masani.

Aka zauna shawara. Sabo na kamfani a kwali, tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, ko tambayar kuɗinsa sai mai ƙarfin zuciya. Akwai sabo na kwaikwayo mai sheƙi, wanda bakanike ya ce wani ya yi shekara, wani ya fara zubar da mai kafin a gama biyan bashinsa, kuma ba ka sanin wanne ka ɗauka sai ka ɗaura. Da oyilsil ne kawai ya mutu, da an sake shi an huta, amma haƙoran namu sun tafi. Saura ɗan Baljiyam, wato wanda aka kwanto daga wata motar a ƙasar waje. A Gusau ba a samu irin namu ba a lokacin, sai Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa.

"Malam, ka tai da tsohon, ka tai da yaron ga," in ji bakanike. "A aza su gefe da gefe. Ramun ƙusa, haƙoran sanda, bakin tiyo, duk a gani da ido. Ka rubuta lambar shasi kuma."

Na ce ba sai an wahalar da yaro ba. A zuci kuwa lissafina daban ne. Akwatin nauyi gare shi, ga baƙin mai, ga farar shadda. Babban dalilin ma, mutumin da ya shiga kasuwa da tsohon ƙarfe a buhu da yaron gareji a bayansa ya riga ya sanar da kowa cewa bai san abin da ya zo saya ba. Maimakon haka na kwana ina karatu a waya. Kafin gari ya waye na san cewa General Motors ne ya fara sa irin wannan akwati a motar Cadillac a 1940, na san Toyota ta fito da jerin Land Cruiser 70 a 1984. Lambar shasi kuwa na bar ta a aljihun wata rigar. Na bi ta Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo ina jin kaina cike da ilimi.

Mai shagon da na shiga mutumin kirki ne, ina so a rubuta wannan. Laifinsa ɗaya, da ya ga tabarau da biro a aljihu sai ya ce, "Sannu da zuwa, Injiniya." Daga nan aka gama da ni. Mutumin da aka kira Injiniya ba zai koma yana tambaya ba. Ya ce mai fawa ko marar fawa? Na ce mai fawa, wannan na sani, don na sha sayen jan man. Ya ce ta wace shekara? Na ba shi tarihin ƙirar gaba ɗaya. Sai ya ce, "Na hagu ko na dama?"

Tambaya ta faɗo cikin gonata. Na gyara zama na shaida masa cewa Nijeriya ta bar bin hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, saboda maƙwabtanmu da Faransa ta raina, Nijar da Dahomey da Chadi da Kamaru, duk dama suke bi. Na ƙara masa da cewa Saliyo ta riga mu a 1971, Ghana ta biyo baya a 1974. Har maƙwabcin shagonsa ya leƙo yana saurare. Na rufe da cewa, saboda haka, na dama.

"Injiniya, ka tabbata? Ba a cika neman na dama ba."

Na ce abin da nake koyarwa ke nan. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ba kuskure ko na shekara ɗaya. Shi dai ba gefen titi yake tambaya ba.

Ya sa aka zaƙulo wani daga can ƙuryar shago, tsaf da shi. Masu sani suna juya sandar da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe su ji ko akwai inda take sarƙewa, su ji 'yar matsewar nan ta tsakiya. Suna duba ko sukurun sama ya nutse, alamar an riga an cinye gyaransa, suna duba haƙoran waje ko sun murɗe saboda haɗari, kuma suna zargin duk wanda aka yi wa sabon fenti. Ni ma na juya sandar, na lumshe ido, na ce, "Uhm." Kuɗin da ya faɗa ya yi ƙasa da abin da aka ce in sa rai, ya kuma rage mini ba tare da ja-in-ja ba. Na fito ina yaba wa kaina iya ciniki, har na kira Yaya a waya tun ban bar Kano ba.

A gareji bakanike ya ɗaga akwatin ya kara a jikin shasi. Ya juya shi, ya sake karawa. Ramukan ƙusa suna kallon wani wuri, sandar tana kallon wani, tamkar a ce ƙafar hagu ta shiga takalmin dama. Yaran gareji duk suka sami abin yi a bayan wata tifa, kafaɗunsu na rawa.

"Malam," ya ce a hankali, "direbanka wane gefe shika zama?"

Na buɗe baki, kuma wallahi na ji 1972 tana sake tahowa. Na haɗiye ta.

Ƙasar da ke bin dama, direbanta a hagu yake zama, akwatin kuma a ƙarfen shasi na hagu. Wanda na sayo na motar da aka ƙera wa masu bin hagu ne, irin Japan da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Ostireliya ma babbar kasuwar wannan ƙira ce, manoma da masu haƙar ma'adinai sun riƙe ta sosai. Tsofaffin kayan irin waɗannan ƙasashe kan bi ta kasuwanni irin na Sharja a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa su shigo cikin kwantena a cakuɗe da namu. Shi ya sa ya zauna tsaf a ƙuryar shago, shi ya sa ya yi araha. Yana jiran malamin tarihi ne.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda na fi jin kunyarsa. Wani mai walda da ke wurin ya ce ai ana iya huda sababbin ramuka, a yi masa mazauni, a lanƙwasa hannun da wuta. Na san ƙarfen da ke riƙe da ran direba da yaran lodi ake magana a kai. Duk da haka na ji bakina yana cewa shawarar tana da ma'ana ta fuskar kimiyya. Na fi son a ƙona shasi da a ce na yi kuskure. Bakanike ko kallona bai yi ba. Ya ce ba a garejinsa ba, in an ga dama a ja motar a kai wani wuri.

Yaya ya zo da yamma, ya ji bayani, ya daɗe yana kallon akwatin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Malam ƙarami, gobe yaron nan za ya Kano. Kai ka tai makaranta, yara na jiranka."

Yaron ya tafi da akwatuna biyu a buhu da lambar shasi a rubuce a bayan kwalin shayi. Mai shago ya karɓi nasa, ya cire wani abu, ya ba da na hagu bayan an yi masa ciko mai kauri, ya kuma aiko a gaishe da Injiniya. Aka ɗaura, aka wanke tsohon mai, aka ɗaga gaban motar da jak ana juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe har kumfa ta daina fitowa a tankin. Ina tsaye na ce a ganina iskar ta gama fita. Ba wanda ya tambaye ni.

Saura littafi. Kuɗin mota zuwa Kano, da abin da mai shago ya cire, da kwanakin da motar ta yi ba lodi ana tsakiyar kaka, dole su shiga wani layi. Na yi tunani, na rubuta "binciken kasuwa" da kyakkyawan rubutu, don Yaya allo ya yi, bai yi boko ba. Na manta babban ɗansa yana ajina, kuma shi ke karanta masa littafin duk ƙarshen wata.