Haƙorin Dainoso Daga Agadas

Ba don autana ya cika mana gida da zancen dainoso ba, da na je Agadas na dawo da kuɗina a aljihu. Yaron nan yana firamare, bai gama riƙe sunayen baffanninsa ba, amma kullum da daddare sai ya tsare ni da Tiranosoras na Amurka, mai ƙaton kai da 'yan guntayen hannuwa masu yatsu biyu-biyu, da Tiraseratos mai ƙaho uku, da Istegosoras mai faifai jere a gadon baya. Ni dai ina cin tuwona ina gyaɗa kai. Abin da ya maƙale mini a kunne shi ne da ya ce Nijar ma tana da nata, a wani wuri cikin hamadar Tenere da ake kira Gadufawa.

To, harkar fata ta kai ni Agadas. Ina zaune a wata rumfa, sai ga wani bawan Allah da rawani har hanci, ya waiga hagu ya waiga dama, ya kwance wani tsumma. A ciki akwai abu mai tsini, ƙasa-ƙasa, ya kai tsawon yatsa.

"Daga Gadufawa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Kar dai na Sukomimas ne?"

Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "Alhaji, ashe kai masani ne." Nan take kuɗin ya tashi daga jaka biyar na sefa zuwa jaka ashirin, don a cewarsa masani ba ya taya kaya da wulaƙanci. Na biya, har da godiya.

Daren da na dawo gida, bayan isha'i, na shimfiɗa hankici a tsakiyar majalisa na ɗora shi. Na gyara murya. Na ce shekara wajen miliyan 110 da suka wuce, inda rairayi yake yanzu koguna ne, kuma mai wannan haƙori, da wani Ba'amurke Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1998, tsawonsa ya kai mita 11, bakinsa irin na kada, da kifi yake rayuwa. Na kawo Uranosoras mai tozo shafal a baya, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya tono, ƙashinsa na nan a gidan tarihi na Yamai. Da na ga sun nutsu sai na saki Nijarsoras: wuya dogo, baki shimfiɗaɗɗe kamar shebur, haƙora fiye da 500, yana kiwo kai a ƙasa, kuma duk mako biyu sababbin haƙora ke maye gurbin tsofaffi.

Wani dattijo da haƙori biyu suka rage masa ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Allah mai yadda ya so."

Tela ya tambaya wanne ya fi girma. Na ce Jobariya, wanda aka tono wajen Ingal, ya kai mita 18, ganye yake ci. Shi ke nan majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce tunda raƙumi mutum bakwai ke haɗuwa su yi layya da shi, wannan unguwa guda ya ishe ta. Wasu suka ce a fara gano wanda zai kayar da shi. Na ƙara da cewa masana sun ce tsuntsaye jikokin dainoso ne, har kaza. Mai gasa kaji da ke gefe ya ce don Allah in rage murya, yana da iyali.

Ana cikin haka Sarkin Fawa ya iso, ya yi sallama, ya ɗauki abin ba tare da an miƙa masa ba. Ya juya shi, ya shinshina, ya kankare gefe da farce.

"Alhaji, nawa ka saya?"

"Sarki, wannan ba a maganar kuɗi a kansa."

"Fiƙar amale ce, ta sama. Ya kwana biyu a duniya kam. Kuma an jiƙa ta a ruwan shayi."

Na ce a kira mini autana ya ba da shaida. Yaron ya zo yana murza ido, ya auna abin a tafin hannu, ya ce, "Baba, na gaske ai dutse yake zama, nauyi gare shi. Kuma da na gaske ne da an kama ka a kan iyaka, doka ta hana a fita da shi." Wato ɗan da nake biya wa kuɗin makaranta. Dattijon nan mai haƙori biyu ya yi dariya har sai da muka ga dukansu biyun.

Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai tambaye ni jaka ashirin nawa ne a naira, ta sa na maimaita.

Washegari da sassafe aka yi sallama a ƙofar gida. Yaron Sarkin Fawa ne riƙe da baƙar leda tana ƙwaram-ƙwaram. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wai in ji Sarki, ɗari bibbiyu ne. In ka kwashe duka zai ƙara maka muƙamuƙi kyauta."