Mutane Biyar da Ke Kashe Faifai da Hannunsu

Idan aka miƙa wa mutum faifan bidiyon biki ya tarar a hoton da aka buga a samansa fuskar amarya ta narke ta haɗe da hular ango, firinta da tawada ake tsine wa, alhali akasari ba su da laifi. Faifan da aka yi domin bugu yana da farin shafi a samansa mai tsotse tawada, kuma firintoci irin su Epson L805 na zuwa da farantin da ake ɗora shi a kai. Tawadar iri biyu ce: akwai ta rini, mai fitar da launi tar amma mai tsoron ruwa da rana, akwai kuma mai ƙwayoyin launi, wadda ta fi jure duka biyun. Saboda haka tun wajen sayen faifai da zaɓen tawada ake yanke ƙaddarar hoto. Duk abin da ya biyo bayan bugu faci ne, kuma masu facin nan kowa da irin haukansa.

Na farko shi ne Ɗan-garaje. Kafin farantin ya gama fitowa ya riga ya dangwala babban yatsa don ya ji ko ta bushe, sai ya bar wa ango tambarin yatsa a goshi kamar wanda ya je kaɗa ƙuri'a. Ya hura da baki, ya kaɗa da kwali, ya jera faifai hamsin wani kan wani, washegari ya tarar hoton na ƙasa ya koma cikin na sama. Maganinsa bai wuce ya bar faifan ya kwana a shanye ba, musamman da damina, amma haƙurin kwana ɗaya ya fi ƙarfinsa. Kusa da shi akwai Marowaci, mai sayen faifan da ba shi da shafin tsotsa don ya rage 'yan kuɗi. Tawada ta zauna a kan santsin roba tana ƙyalli, mako guda ba ta bushe ba, shi kuma yana rantsuwa cewa mai shago ya sayar masa da jabun firinta. Araha dai ba ta ado.

Na uku ya fi su haɗari, domin shi da niyyar alheri yake ɓarna. Wannan shi ne Sarkin Feshi. Ya ji an ce ana fesa wa hoto abin kariya, sai ya ɗauki duk gwangwanin da ya samu: man feshin gashi, man da kafintoci ke shafa wa katako, har fentin mota marar launi. Abin da bai sani ba shi ne, duk da kaurin faifai milimita 1.2 ne, a faifan CD shafin da ke ɗauke da bayanai yana nan dab da fuskar da ake bugawa, siririn rufi ne kawai tsakaninsu, kuma sinadari mai ƙarfi na iya cin sa. Faifan DVD ya fi tsira, don nasa shafin yana tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowacce, amma shi ma idan ɓurɓushin feshi ya zagaya ya sauka a gefen da hasken leza ke karantawa, an gama. Hoto ya fito fes, bidiyo ya tsaya cak daidai wurin kamun amarya. Garin gyaran gira an rasa ido.

Na huɗu, Mai Manne-manne, ya yanke ƙauna daga wannan duka, ya koma buga hoto a takarda yana liƙawa. Faifai a na'ura mai sauri yana juyawa kusan sau 10,000 a minti guda. Takarda ta ɗan karkace ko zafi ya ɗaga gefenta, sai na'ura ta kama gurnani, wani lokaci takardar ta maƙale a ciki. Na biyar kuwa Malam Gwaji ne, wanda ba ya yarda da kowa sai ya tsoma faifan a kofin ruwa, ya goga da tsumma, ya shanya a gilashin mota da tsakar rana. Yana da ilimi fiye da sauran, sai dai da faifan abokin ciniki yake gwajinsa.

Wani zai ce ai feshi na aiki, kuma gaskiya ne: wanda aka yi musamman don hotunan tawada, idan aka fesa shi sama-sama daga nesa, bayan bugu ya bushe, an kuma rufe ɗaya gefen, yana hana yatsa mai gumi jan launi. Amma sharuɗɗan nan huɗu su ne dai haƙuri da lura da mutanenmu biyar suka rasa. Wani kuma zai ce faifai masu jure ruwa, irin su AquaAce na Verbatim da WaterShield, sun fi tsada. Sun fi, amma a lissafa kuɗin gwangwani, da faifan da aka lalata, da tawadar sake bugu, da kunyar dawo da aiki, a ga wanne ne mai tsadar. Mai cewa zamanin faifai ya wuce tunda waya ta zo, shi ma hujjarsa ta juya masa baya: faifan da har yanzu ake bugawa na ajiya ne, na aure da walima da karatun malamai, wanda ake so jikoki su gani. Irin wannan ya cancanci a saya masa faifai mai kyau, a dace da tawadarsa, a riƙe shi ta baki, a sa shi a gidansa nesa da rana, sannan a ɓoye wa Sarkin Feshi gwangwaninsa.