Yadda Kwamfuta Ta Yafe wa Mutane Bashi a Kasuwar Kara

Wani Alhaji mai sayar da gero da dawa a Kasuwar Kara ta Sakkwato ya gaji da littafin bashi, wanda ɓera ya riga ya cinye sunan mutum biyu a ciki, sai ya kira ni in rubuta masa manhaja. Na ɗora ta a kan SQL Server, na zuba sunayen masu ɗaukar kaya, tun daga mata masu tuwo na Mabera da Runjin Sambo har dillalan Illela.

Lissafin kuwa na sa shi cikin ajiyayyen umarni, wato tarin umarni da ke zaune cikin rumbun bayanai, a kira shi da suna ya yi aikinsa. Ka ba shi lambar mutum, ya tara kayan da ya ɗauka, ya cire abin da ya biya, ya zuba saura a gurbin amsa. Gurbin nan kamar kwanon aike ne: ka miƙa wa yaro, ka ce ya cika ya dawo da shi. To a SQL Server sai an faɗa sau biyu. A rubuta OUTPUT wurin gina umarnin, a sake rubutawa wurin kiransa. In aka bar na biyun, za a cika kwanon a can a bar shi, kuma injin ba zai ce uffan ba. Abin da ke cikin gurbin tun farko, shi za ka gani. Ni kuwa sifili na sa na farawa.

Alhaji yana da auta mai karatun kwamfuta. A MySQL ya koya, inda ake rubuta OUT sau ɗaya wurin ginawa, mai kira ba ya maimaitawa. Da ya zo hutun azumi ya buɗe aikina, ya ga kalma ɗaya sau biyu, ya tausaya mini, ya share ɗaya.

Washegari wata mai ƙosai ta zo biyan rabin bashinta. Yaron shago ya danna lambarta, allo ya ce sifili. Ya danna ta wani dillali da ake bi kuɗin buhu arba'in, sifili. Kafin azahar labari ya kai Tsohuwar Kasuwa cewa Alhaji ya yafe wa kowa albarkacin watan Ramadan. Mutanen da rabonsu da bi ta layin nan tun bara, don gudun haɗa ido, suka fito da sababbin huluna suna jera gaisuwa. Wani malami ya tsaya bakin shago ya ja doguwar addu'a, jama'a na amsawa da amin, Alhaji ma na amsawa, bai san ta mece ce ba.

Da ya sani, aka aiko ɗan kabu-kabu ya ɗauko ni cikin zafin ranar nan ta Sakkwato, ga ƙishin azumi.

"Kai, mi kay yi mini? Ina kuɗɗina?"

"Ranka ya daɗe, ko kwabo bai ɓace ba, suna cikin rumbu. Hanyar fitowa ce aka toshe."

"Wa at toshe ta?"

Auta na tsaye bayansa yana kallon rufi. Wa ya isa ya kai ƙarar auta wurin ubansa a bainar jama'a? Na ce wutar lantarki ce, ita da ba ta da mai tsaya mata. Na mayar da harafi shida inda suke, bashi ya dawo kan allo cif.

Sai dai addu'a ba ta da maɓallin sharewa. Alhaji ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce na masu ƙosai da tuwo ya bar musu, tunda an riga an shafa fatiha, amma dillalai su biya ko su haɗu da shi gaban alƙali.

Na ga fuskarsa ta ɗan saki, sai na matsa na tuna masa da cikon kuɗin aikina.

"Malam," ya ce, "wanga wata kowa yahewa shikai. Kai ma ka yahe."