Bigilar da ta Girmi Maƙerinta

A wajen 'yan gwangwan na Ijora a Ikko, duk bigilar da ta lotsa to ta je yaƙi. Dillali zai rantse maka da ita ake tashin dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya kafa a Ikko a 1863. Kana juya ta sai ga hatimin Boosey & Hawkes, kamfanin da bai zo duniya ba sai 1930.

"Alhaji, ashe ta girmi maƙerinta?"

"To Malam, ikon Allah ke nan."

Masu tara kayan tarihi hatimi suke fara dubawa: sunan maƙeri, irin su Henry Potter na Landan, da 'yar alamar kibiya da gwamnatin Ingila ke buga wa kayan sojanta. Bigila ta gaske akasari jan ƙarfe ce mai nauyi, ta kuma siɗe daidai inda hannu ke riƙewa. Ta jabu, wadda akan ƙero a Indiya, tsufanta ko'ina ɗaya ne, ga wani ƙaton bajo an liƙa mata da dalma. In ka ce a busa a ji, sai dillali ya ce maƙwabta na barci. Da azahar, a Ijora.