Ta'aziyyar Gojo Ga Ɗan Gwaggona

Ɗan Gwaggo, bawana, ga gaisuwar ubangida zuwa ga yaronsa. Ba sai ka tashi ba, durƙuson ma ya wadatar.

Na so in bar zancen nan ya mutu, amma ranar Juma'a da na je gaida Gwaggo sai ta ja ni gefe, ta rage murya ta ce, "Wai wane ne Gwajo ɗin nan da ɗan'uwanka yake ta ambato? Abokin kasuwancinsa ne ya rasu?" Na rasa ta inda zan kama. Ta yaya zan gaya wa tsohuwa cewa ɗanta mai gemu, mai 'ya'ya uku, yana zaman makokin mutumin da aka zana da alƙalami a Japan? Sai na ce mata wani malamin makaranta ne mai farin gashi, kullum idanunsa ɗaure da baƙin ƙyalle. Ka shaida ban yi ƙarya ba. Ta ce, "Allah sarki, ashe makaho ne."

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda kai ka fi so a manta. Watan Satumba ne na 2023. Babi na 235 na Jujutsu Kaisen ya ƙare ana shelar cewa Gojo ya kayar da abokin gabarsa Sukuna. Ka kira ni tsakar dare kana ihu kamar an ba ka kujerar Makka, ka ce in akwai mai ja da gwaninka ya sa kaza, kai ka sa biyu. Na sa. Babi na 236 ya buɗe da Gojo zaune a filin jirgin sama yana hira da abokansa da suka daɗe da mutuwa. Kai da ka fi kowa sanin labarin, har ka kai tsakiyar babin kana cewa ai mafarki yake yi. Sai ga gwanin naka kwance, an raba shi gida biyu, ƙafafu a tsaye, sauran jiki a ƙasa. Kwana biyu wayarka a kashe.

Zan yi maka adalci sau ɗaya, kada ka saba. Marubucin labarin, Gege Akutami, ya yi wa masu karatu wayo. Mutumin da aka shafe shekara biyar ana ce mana ba abin da ke iya taɓa shi, bai kamata a sare shi tsakanin babi da babi ba, ba tare da an nuna mana saran ba. Wannan kuka da hujjarsa. Amma kai ba shi ne kukanka ba. Kukanka shi ne naka ya faɗi, irin kukan ɗan kallon dambe da ya koma gida yana cewa an yi wa gwaninsa asiri. Ga shi wanda kake tsinewa ko fuskarsa ba ka sani ba, domin in zai nuna kansa kyanwa mai ido ɗaya yake zanawa. Magidanci guda, ka tashi da safe ka yi wa mage Allah ya isa.

Daga nan ka koma malamin duba. Kowane mako da sabon lissafi: ai kansa bai fita ba, ai an ga alama a shafi kaza, ai zai dawo. Ya kuwa dawo, sai dai gangar jikin ce kawai, ɗalibinsa Yuta ne ya shige ciki kamar wanda ya ari babbar rigar mamaci. Labarin ya rufe a babi na 271, a Satumbar 2024, ka rantse kai da littattafan zanen Japan har abada. Rantsuwar ta yi mako guda.

Ba yau ka fara ba. A 2021, da Hajime Isayama ya rufe Attack on Titan a babi na 139, bayan jarumin labarin, Eren, ya hallaka kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya, Mikasa ta sare masa kai, kai ba mutanen da aka tattake ne suka dame ka ba. Abin da ya hana ka barci shi ne wai jaruminka ya zauna yana kuka a kan mace. A nan na gano ciwonka, Ɗan Gwaggo. Kai ba wani marubuci ne ke ɓata maka rai ba, ƙarshen labari ne ba ka ƙauna, kowane iri ne.

Shi ya sa ka liƙe wa One Piece, labarin da ya ƙi ƙarewa. Eiichiro Oda ya fara shi a mujallar Shonen Jump a 1997, lokacin kana yawo da gajeren wando kana satar mangwaro a bayan gidanmu. Tun ran nan Luffy, yaron nan mai jikin roba da malafa, yake neman dukiyar sarkin 'yan fashin teku. Ka gama makaranta, ka yi aure, ka aje iyali, furfura ta leƙo, shi har yau bai gano inda aka aje kayan ba. Babi ya haura 1,100. Na talabijin da Toei ta fara a 1999 shi ma kashinsa ya haura 1,100. Na zauna na yi maka lissafi: in kowane kashi minti 24 ne, mutum zai yi kwana 18 da ɗoriya a zaune, ba barci, ba salla, ba tuwo. Amma duk wanda ya ce maka ya gaji sai ka ce ya daure, wai daɗin yana farawa wajen kashi na 300. Ko mai maganin gargajiya na tasha bai taɓa ce wa kowa ya sha kwalba 300 kafin ya ji sauƙi ba. Da aka kai kashi na 1071 a Agustan 2023, ka tara mu mu ga babban ƙarfin da aka shekara da shekaru ana jira, sai ga Luffy ya koma fari fat, yana ƙyaƙyata dariya, idanu na tsalle waje. Ƙaramar 'yarka ta leƙo ta ce, "Baba, Tom and Jerry ne?" Ka kore ta.

Wani abin da ke ba ni dariya, littattafan nan daga dama ake karanta su zuwa hagu. Kai da aka yi fama da kai a makarantar allo, kullum sai an kamo ka daga bakin kududdufi, yau kai ne kake bin shafi daga dama ba gargada, har kana gyara wa wasu. Da Malam yana da rai da ya nemi a mayar masa da bulalarsa da ta ƙare a bayanka.

Sai rigimarmu ta 2025, da kamfanin Crunchyroll ya ba Solo Leveling kambin gwarzon shekara ya bar Frieren. Ka yi ta rawa. Ni har yau ban ga abin rawa ba. Labarin Koriya ne da A-1 Pictures ta raya, zanensa kuwa ba laifi, amma me ke ciki? Sung Jinwoo ya fara a rago, ya zama ƙaƙƙarfa, ya doke wannan, ya ƙara ƙarfi, ya doke wancan. Kai ne fa kake yi mini dariya a kan fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, wai ta yaya mutum ɗaya zai doke arba'in rigarsa ba ta yi ƙura ba. To ga naka nan, har da rundunar inuwoyi a bayansa.

Na san abin da za ka rama da shi, don haka bari in riga ka. Eh, na yi hawaye a Frieren. Mace ce da ta haura shekara 1,000 a duniya, ta yi tafiyar shekara 10 da wasu abokai tana ganin abin kamar zuwa rijiya ne a dawo. Sai bayan shekara 50, a gaban kabarin Himmel, ɗaya daga cikin abokan nan, ta tuna ba ta taɓa zama ta san ko shi wane ne ba. Wajen nan na tuna Kaka, da yawan kiran da take yi mana mu zo hira muna cewa sai gobe. Kai kuma ka ce labarin ba faɗa, ka yi barci a kashi na 2, har da munshari. Na yarda mu biyun duk mun yi kuka a kan zane, amma nawa a ɗaki na yi shi, ban sa an tambaya ko mutuwa aka yi ba.

Yanzu sai batun kaji biyu. Har yau ban ga ko gashinsu ba, ga kuɗin sharar bara da kake ta zille wa zancensa. Ina jiran su kafin Juma'a, masu rai, ba zanannu ba. In ba haka ba zan koma wajen Gwaggo da wayata in nuna mata hoton marigayin. Ta riga ta tambaye ni ko ya bar iyali, tana so ta aika musu da hatsi.