Masu Shafen Zaure

Idan tsohuwar kwamfuta ta fara nishi a ƙarƙashin Windows, akan ɗora mata Lubuntu ko Xubuntu, 'ya'yan Linux marasa cin ƙwaƙwalwa. Tana samun lafiya sai mai ita ya hango wani aikin: allon da ke fitowa kafin a shiga, wanda ba ya wuce 'yan daƙiƙu. A kan wannan ɗan zauren jama'a suka rabu.

Ango shi ne ya fi ba ni tausayi. Burinsa duk wanda ya kunna kwamfutar ya fara cin karo da hoton bikinsa. Ya nuna wa LightDM, mai tsaron ƙofar Xubuntu, inda hoton yake, ya kashe ya kunna, sai ga allo fayau babu amarya. Bai san LightDM baƙo ba ne a gidan, da sunan kansa yake aiki, kuma tun 2021 Ubuntu, uwar Xubuntu, ta rufe jakar kowa daga idon waninsa. Kwana biyu yana zargin Linux da hassada, kafin wani ya ce masa ya kai hoton /usr/share/backgrounds. Hoto ya fito kuwa. Akwatin kalmar sirri ya sauka daidai kan fuskar amarya, sai gwaggwaro kawai ake gani. Yanzu yana neman hoton da ta tsaya a gefe.

Mai agogo kuma ba ruwansa da ado. Kullum yana buga systemd-analyze kamar mai gwada hawan jini, kuma zai iya kashe Asabar ɗinsa cur yana kashewa yana kunnawa don ya rage daƙiƙa uku. Ya mai da GRUB_TIMEOUT sifili, don kada GRUB ya tsaya da jerin zaɓinsa yana tambayar kowa. Ranar da sabuntawa ta zo da gardama, yana buƙatar wannan jerin zaɓin da ya kora, sai ka same shi yana dukan maɓallin Shift kamar mai kiɗan ƙwarya.

Akwai ɗan gargajiya. A wurinsa Plymouth, mai nuna tambari yana juyi, wanda ya fara fitowa a Fedora 10 a 2008, bidi'a ce har gobe. Ya goge kalmomin quiet splash don rubutu ya riƙa zuba, koren OK na bin koren OK. Nuna masa layi guda ka ce ya fassara, sai ya ce, "Kai dai bari, tana aiki." Kada ka gaya masa danna Esc kaɗai ya isa ya nuna rubutun, za ku ɓata.

Amma gwarzon su duka shi ne mai kwafowa. Duk umarnin da ya gani a intanet, in dai da sudo ya fara, ya karɓa hannu bibbiyu. Lubuntu ta koma wani mai tsaron ƙofar, SDDM, tun 2018, shi kuwa yana nan yana gyara fayil ɗin LightDM, yana mamakin taurin kan na'ura. Ya sauya GRUB ya manta update-grub, ya sauya Plymouth ya manta update-initramfs, daga nan ya haɗa magani uku wuri guda. Garin neman gira a rasa ido: baƙin allo, da ɗan ɗigo a kusurwa yana ƙyafta masa ido. Ƙarfe sha ɗayan dare zai kira ka, "Ɗan'uwa, don Allah taimaka, wallahi ban taɓa komai ba."

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Mako guda na yi ina zaɓen launi, ina matsar da agogo daga hagu zuwa dama, har zauren ya yi kyau kamar na gidan sarauta. Sai buga kalmar sirri kowace safiya ya gundure ni, na sa ta riƙa shiga da kanta. Rabona da ganin allon tun damina.