Rauta Mai Ƙaho Huɗu

Mu dai kada mu ji an ce an yi ragi. Ko maganin ciwon da ba ya damun mu ne aka karya wa farashi, sai mun sayi kwalba biyu mun ajiye, wai saboda gobe. Abin da ake yayi yanzu shi ne rauta, 'yar na'urar nan da ke watsa wayifai a cikin gida. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya, a watan Janairun 2025, su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, magidanta suka gano cewa saya wa kowa data a wayarsa, daga uwargida har auta, hanyar tsiya ce miƙaƙƙiya. Sai aka yanke shawarar a sayi rauta guda kowa ya sha daga nan. Shawarar ba ta da laifi. Wajen sayen ne ake yin ta.

Je ka Farm Centre a Kano ka sami gefe ka tsaya. Ga Alhaji ya shigo yana gyara babbar riga, yaron shago kuwa tun daga nesa ya gama auna aljihunsa.

"Alhaji, barka da zuwa. Ga wadda ta dace da gidanka. Da dubu 45 ce, amma yau ana garaɓasa, kawo 28."

"Tana da ƙarfi dai ko?"

"Haba Alhaji! Ba ka ga ƙahoninta ba? Huɗu ne cif."

Sai Alhaji ya ɗauke ta ya jinjina a tafin hannu, ya lanƙwasa ƙaho ɗaya ya miƙar, ya kaɗa kai alamar gamsuwa. Yadda muke zaɓen ragon layya haka muke zaɓen rauta: a duba ƙaho, a ji nauyi, saura kawai a buɗe mata baki a ga haƙora. Ko sau ɗaya bai tambayi wanda ya taɓa sayen ta a 45 ɗin ba. Farashin da aka soke da jan biro shi ya saya, rautar kuwa gyara aka yi masa.

A jikin kwalin an rubuta 300 Mbps da manyan baƙaƙe, Alhaji na ganin haka ya ɗauka fim zai riƙa sauka kafin ya rufe baki. Ai wannan lamba gudun da ke tsakanin wayarka da rautar ne, shi ma in komai ya daidaita. Abin da kamfanin data ya turo maka shi kaɗai za ta raba, ba ta ƙara masa ko ɗigo. Kuma lissafin da megabit aka yi shi, sai ka raba gida takwas kafin ka sami megabait ɗin da ka saba gani. Uwa-uba, mai irin wannan lamba galibi Wi-Fi 4 ce, fasahar 2009, lokacin Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana kan mulki. Wi-Fi 6 ta fito tun 2019. Ka ga ashe ba ƙaunar Alhaji ce ta sa aka yi ragin ba, kayan ne ya gaji da zaman kanta.

Kada ɗan boko ya yi dariya, shi ma yana layi. Shi zai gyara tabarau ya ce ai tasa 5G ce. Alhali abin da ke jikin kwalin 5 GHz ne, zangon da rautar ke magana da wayoyin cikin gida, ba shi da haɗi da 5G ɗin da MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, wanda har yau bai kai kowace unguwa ba. AC1200 ɗin da yake taƙama da shi ma haɗa gudun zango biyu aka yi, 300 da 867, aka cike lissafi. Galibin wayoyi ba sa shan duka biyun a lokaci guda.

To, an iso gida. Yara sun kewaye kwali, an kira babban ɗa, injiniyan gidan, tun da shi ke gyara wa kowa WhatsApp. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya ɗago a hankali.

"Baba, ai ba ta da wajen sa layi."

"Kamar yaya? Duba da kyau, ƙaho huɗu fa gare ta."

Ashe irin wadda ake jona wa wayar intanet daga waje ce, layin su Alhaji kuwa ko kwalta ba ta iso ba balle wannan. Washegari aka koma shago, yaron jiya ya murtuke fuska: "Alhaji, kayan garaɓasa ba a dawo da shi." Sai an yi ciko a karɓo mai cin layi. Ita ma in ba a yi sa'a ba a kulle take da kamfani ɗaya, wanda sabis ɗinsa sai ka hau saman tanki kake samu. An shawo kan wannan, sai aka ɗauke wuta, rauta ta yi ɗif, domin ba ta da batir. A nemo fawa banki da wayar da za ta dace da ita. Ragin dubu 17 tuni ya bi ruwa, har da kuɗin adaidaita sahu.

Sai rikicin inda za a ajiye ta. Zangon 5 GHz ya fi gudu amma bango na karya shi, na 2.4 ya fi ratsa bango amma ya fi nawa, gidajenmu kuwa bulo ne da siminti. An sa ta a falon maigida, sabis ya cika ɗakin uwargida, ɗakin amarya ko sanda ɗaya babu. Nan take magana ta tashi daga fasaha ta koma ta adalci. Kada ka yi mamaki in ka ji gidan da rauta ke bin rabon kwana.

Duk wannan somin taɓi ne, babbar jarrabawa ita ce faswod. Maƙwabcin da rabonka da shi tun ɗaurin auren bara zai yi sallama da safe, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi maka jajen zafin gari, sai zai tafi ya juyo: "Af, Alhaji, mene ne ma lambobin nan naku? Saƙo ɗaya zan tura." Kunya ba za ta bari ka hana ba. Saƙo ɗayan nan kuwa fim ɗin Labarina ne tun daga zango na farko. Kafin mako ya zagayo majalisar samarin layi ta taso ta dawo jikin katangarka, kowa ya sunkuyar da kai shiru, har dattawa na yaba natsuwar yaran zamani. Ba sai sun sake tambayar ka ba, wayar Android tana miƙa faswod ga wata ta hanyar hoton lamba kawai. Awa guda ta kallon bidiyo mai kyan hoto tana lashe gigabait ɗaya ko fiye, sai ka ninka da yawan kawunan da ke kan dakali. Datar da aka ce maka ba ta da iyaka, a ƙananan rubutu an faɗi inda za a shaƙe mata gudu.

Ran da Alhaji ya fusata zai canza faswod, sai ya tarar ba ya iya shiga. Tun ranar farko ya bar mabuɗin saitin yadda ya zo daga kamfani, admin da admin, wani yaron maƙwabta ya riga shi shiga ya kore shi daga rautarsa. Duk da haka in ka tambaye shi nawa ya saya, da fara'a zai ce, "Ai da 45 ce, na samu a 28."

Ba a ce duk mai ragi ruɓaɓɓiya ba ce, ana dacewa. Amma mai karatu, kafin ka zaro kuɗi ka tambaya: tana cin layi? Na kowane kamfani? Sabis ɗin yana kai ɗakinka, ba bakin titi ba? Tana da batir? In ta ƙi aiki za a karɓa? In an amsa maka waɗannan, saya ko ƙahonta ɗaya ne, ka canza mabuɗin saiti tun a daren, ka kuma koyi cewa "ai yaran ne suka san lambar" ba tare da ka ƙifta ido ba. In kuwa ragin kaɗai ka hango, ka bar kuɗinka a aljihu, araha ba ta ado.